Ƙulli Biyu a Igiyar Tunau

A shekara ta uku da fara yaƙin Kandarma da Zugurta, lokacin da damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu amma bai fid da kai ba, sarakunan biyu suka gaji, ko da yake babu wanda zai faɗa da bakinsa. Ramukan tama na Jan Dutse ake faɗa a kai, inda maƙeran garuruwan biyu suke haƙo ƙarfe tare tun kaka da kakanni. Ranar da Madawakin Kandarma, Jatau, ya kafa mashinsa a bakin rami ya ce daga yau na ubangidansa ne, daga ranar aka daina ƙera fartanya, aka koma ƙera kan kibiya.

Da gajiyar ta kai gajiya sai aka aika wa Tunau Mai Igiya.

Gidan Tunau a Kandarma yake, amma sarautar da yake riƙe da ita ta garuruwan biyu ce, kuma shi ne na bakwai a gidansu da ya gaje ta. Aikinsu shiga tsakani. Ba su da takobi, ba su da sanda, abin aikinsu wata farar igiyar auduga ce mai tsawon kamu uku. In Mai Igiya ya je wurin mai husuma, sai su shiga ɗaki su biyu a rufe ƙofa, dogarai su ja da baya har inda ba za su ji tari ba. Mutum ya zazzage duk abin da ke cikinsa. In ya gama, Mai Igiya ya shimfiɗa igiyar ya ce, me zan ɗauka, me zan bari? Duk maganar da mutum ya yarda a kai wa abokin gabarsa, shi da hannunsa zai yi mata ƙulli. Wadda ba a ƙulla ba kuwa, a ɗakin za ta zauna har a tashi duniya.

Tunau gajeren dattijo ne, ba shi da wani kwarjini, kuma rowar maganarsa ta yi suna. Matan gidansa kan ce ko tambayarsa aka yi ko miya ta ji gishiri, sai ya nemi a ƙulla masa tukuna. Amma a wannan tafiya yana da abin da ke cin ransa. Babban ɗansa Bako, magidanci mai 'ya'ya uku, yana cikin 'yan bakan Kandarma, kuma sau biyu yana dawowa daga fagen daga da rauni. Tunau ya ƙudurta a ransa cewa ba za a sake kiran Bako karo na uku ba.

Ya ƙetare gulbi ya isa Zugurta da azahar. Sarki Arzika, dogon mutum mai kaifin harshe, ya karɓe shi a fada da tambura da algaita, ya sa aka zaga da shi ta gaban rumbunan fada guda tara, kowanne an ɗaga masa murfi ya ga gero har baki. Bayan haka suka shiga ɗaki aka rufe ƙofa. Nan Sarki ya cire rawaninsa ya ajiye a kan gwiwa, Tunau ya ga wuyansa ya rame.

Arzika ya faɗa masa gaskiya. Ruwan farkon damina ya shiga rumbunan ta ƙasa, hatsin ya ruɓe. Bakwai daga cikin taran da ya gani yashi ne da ƙaiƙayi, an lulluɓe samansu da gero. Abin da ya rage ba zai kai garin kwana ashirin ba, kaka kuwa sai nan da wata biyu.

Tunau ya shimfiɗa igiya ya yi tambayarsa. Sarki ya yi ƙulli biyu: zai yarda a raba ramukan biyu, amma ba zai kai gaisuwa Kandarma kamar bara ba. Tunau ya roƙe shi ya ƙara na uku a kan maganar rumbuna, ya ce sau da yawa gaskiyar da mutum yake ɓoyewa ita ce take kawo sulhu.

Arzika ya mayar da rawaninsa. "Mai Igiya, in Nomau, Sarkin Kandarma, ya ji yunwa ta kama ni, ba sulhu zai aiko mini ba, Madawaki zai aiko. Wannan a bar ta a nan."

"An bar ta, ranka ya daɗe," in ji Tunau.

A wajen fita ne ya yi kuskuren da ba a taɓa yi ba a gidansu. Ƙa'ida ita ce Mai Igiya ba ya fita daga gari da komai sai igiyarsa. Amma Iya, mahaifiyar Sarki, tsohuwa tukuf, ta tsare shi a soro ta cusa masa ƙunshin guzuri a burgaminsa, jakar fatar da yake ratayawa, da hannunta, ta ce ba a taɓa sallamar baƙo daga gidan nan hannu rabbana ba. Kunya ta hana shi mayarwa. A hanya ya kwance ƙunshin, ya ga dawon dusa ne, da goruba uku, da busasshiyar aduwa. Ya tsaya a bakin gulbi da niyyar zubarwa, sai ya kasa, don bai iya jefa wa kifi abincin da masu yunwa suka hana cikinsu ba. Ya mayar cikin burgami ya ce zai ci a gaba, ya kuwa manta.

Da ya shiga Kandarma da hantsi, ya tarar da ungulaye sun yi layi a kan katangar bayan fada. Mutane suna ta nuni, suna cewa Sarkin Bokaye ya duba ya ce jiran runduna suke yi su bi ta Zugurta su ci nama. Tunau ya wuce cikin fada.

Sarki Nomau abokin wasansa ne tun suna yara, nono ɗaya suka sha. Da aka rufe musu ƙofa, Tunau ya faɗa masa maganar ƙulli biyun Arzika. Nomau ya saurara, ya yi ajiyar zuciya, sa'an nan shi ma ya sauke nasa kayan. Wata cuta ta shiga bargar fada tun watan jiya. Dawakai ɗari shida da ake tsoron Kandarma saboda su, yanzu waɗanda ke iya tsayuwa ba su kai sittin ba. Ana binne su a bayan katanga, abin da ya tara ungulayen ke nan. Ba wanda ya sani sai shi da Madawaki da Shamaki mai kula da barga.

Tunau ya auna abin da ya ji. Ga sarakuna biyu, kowa ya durƙusa, kowa yana zaton ɗan'uwansa a tsaye yake, kuma duk duniya shi kaɗai ya san haka. Kalma ɗaya nan, kalma ɗaya can, da an gama. Ya roƙi Nomau ya ƙulla maganar dawakan kamar yadda ya roƙi Arzika, Nomau ya ƙi, da kusan irin kalmomin da wancan ya ƙi.

Sai Sarki ya matso kusa ya sassauta murya, ya kira shi da sunan yarinta. "Tunau, ni da kai ne a nan. Me ka gano a Zugurta?"

"Zaki, na gano ƙulli biyu, na kuwa kawo maka su."

"Ba Sarki ke tambayarka ba, ɗan'uwanka ne."

"Ɗan'uwana ya faɗa mini magana yanzun nan, ya ce a bar ta a ɗaki. In ina buɗe ɗakin wani saboda zumunci, da wace zuciya zai fita ya bar mini tasa?"

Nomau ya tashi ya buɗe ƙofar da kansa.

Washegari aka tara majalisa. Galadima Shawai, wanda ya fi kowa shekaru, ya fara magana. Ya ce rabin rami da zaman lafiya ya fi masa rami duka da zawarawa, a karɓi tayin Arzika a koma gona. Sarkin Baka ya goyi bayansa. Ana cikin haka Madawaki Jatau ya miƙe, ya yi gaisuwa, ya ɗaga wani abu sama. Tunau ya gane burgaminsa, wanda ya rataye a soron fada jiya kafin ya shiga wurin Sarki.

Madawaki ya zazzage shi a gaban karaga. Goruba ta mirgina har ƙafar Galadima.

"Allah ya ba Zaki nasara," in ji Madawaki. "Sarakunan Kandarma, ku dubi guzurin da gidan Sarkin Zugurta ya yi wa babban baƙonsa. Gidan da a da yake sallamar baƙo da kilishi da dawon gero mai yaji, yau dusa yake bayarwa. In wannan ne abincin fada, me talaka yake ci? Garin nan ya mutu a tsaye. A tura shi kawai ya faɗi."

Tunau ya dubi Madawaki, ya gane abin da ke ingiza shi. Mutumin yana so a gama da Zugurta kafin labarin barga ya fita. Da Tunau zai buɗe baki ya ce da waɗanne dawakai za ku je, da majalisar ta watse a nan take, da ba a buga tambarin yaƙi ba. Maganar tana kan harshensa, ya haɗiye ta.

Sarki ya ce, "Mai Igiya, majalisa tana tambayarka. Akwai yunwa a Zugurta ko babu? I ko a'a."

Tunau ya durƙusa, ya ɗora igiyar a kan tafukansa. "Allah ya ja zamanin Sarki. Kakanni shida suka riƙe igiyar nan kafin ni. Sun shiga ɗakin kakanninka, sun ji abin da ko matansu ba su ji ba, kuma har yau babu wanda ya san abin da suka ji. Saboda haka ne in an gaji da zub da jini ake da wanda za a aika wa. In na ce i, na ci amana. In na ce a'a, ko ƙarya na yi ko na ci amana. Burgamin nan laifina ne, na ɗauki abin da bai kamata in ɗauka ba, kuma zan amsa shi a wurin mai shi. Amma bakina ba zai ƙara a kan abin da burgami ya yi ba. Shawarata ɗaya ce, ita ma a fili nake ba da ita, kamar yadda zan ba Arzika: kada a fita yaƙin nan."

Ya ɗaga kai ya dubi Sarki ido cikin ido, Sarki ya kau da kai. Madawaki ya ce ai ga shi nan, mutumin Kandarma yana kare Zugurta a fadar Kandarma. Kafin la'asar an karɓe igiyar, an cire masa rawani da takalman sarauta, an ba shi zuwa faɗuwar rana ya bar gari. Tamburan yaƙi suka fara.

Bako ne ya raka shi ƙofar gari, da bakansa a kafaɗa. Bai tambayi ubansa komai ba, ya san gidan da ya fito. Da suka zo rabuwa ya dubi ƙafafun tsohon, ya tuɓe takalmansa na fata ya ajiye masa, ya ce, "Baba, hanyar akwai ƙaya." Ya juya ya koma cikin gari ba takalmi.

Tunau bai nufi ko'ina ba sai Zugurta. An raba shi da igiya, amma a ganinsa ba a raba shi da abin da aka ba shi ajiya ba, kuma wanda ajiyarsa ta zube yana da hakkin ya ji daga bakin mai ajiyar. Ya tsaya a gaban Arzika ya faɗi abin da ya faru da guzurin, bai rage ba, bai kuma ambaci Iya ba. Maganar runduna ba sai ya faɗa ba, tamburan Kandarma ana jin su tun daga gulbi.

Arzika ya saurara har ƙarshe. Sa'an nan ya ce to, tun da asirinsa ya fita ta hannun Tunau, sai Tunau ya biya da na Nomau. Ai sun kore shi, sun tozarta shi, ba shi da sauran abin da zai kare musu. Tunau ya ce Nomau bai yi wa korarre magana ba, Mai Igiya ya yi wa, kuma ɗakin da aka yi ta yana nan a rufe. Sarki ya sa aka ɗaure shi a saman ƙofar gari, ya ce ya zauna nan ya kalli abin da shirunsa ya jawo.

Kwana uku bayan haka rundunar Kandarma ta iso da sassafe, a ƙasa, da tsani da garkuwa. Can a kan Jan Dutse kuwa ana hango mahaya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba iyaka. A Zugurta Tunau kaɗai ya san dawakan nan da ba su kai sittin ba ne suke zagaya dutsen suna sake fitowa. Madawaki ya yi zaton zai tarar da mutanen da ba sa iya jan baka. Ya manta cewa mai yunwa da aka zo har ƙofar gidansa ba shi da inda zai gudu. Sau uku ana kafa tsani a ganuwa, sau uku ana ture shi. Mata suna miƙo duwatsu da tafasasshen ruwa. A karo na huɗu kibiya ta sami Madawaki a maƙogwaro, ya faɗo cikin gwalalo, ramin da ya zagaye ganuwa, rundunar ta karye ta nufi gulbi. Daga inda yake ɗaure Tunau ya ga 'yan baka kaɗan sun tsaya a bakin ruwa suna tare wa sauran hanya, amma nisa bai bar shi ya gane fuska ba.

Sarakunan yaƙin Zugurta suka taso wa Arzika, suka ce a bi su har gida a ƙone Kandarma a kwashe rumbunanta. Abu ɗaya ya tsayar da su, mahayan kan dutse. In tarko ne, duk wanda ya fita fili ba zai dawo ba. Arzika ya hau saman ƙofa da takobi a zare, ya ɗora kaifin a wuyan Tunau.

"Dawakai nawa ne a bayan dutsen can?"

Tunau bai amsa ba.

"Na gane. Gidanka kake karewa."

"Ranka ya daɗe, shirun da na yi a fadar Kandarma har aka cire mini rawani, gidan wa na kare da shi? Wannan ɗin ma shi ne, ban canza ba. In za ka yanka, yanka."

Takobin ya daɗe a wurin. Daga baya Arzika ya mayar da shi kube, ya ba da umarni kada kowa ya wuce bakin gulbi. Ya sa aka kwance Tunau aka ba shi ruwa.

Zugurta ta yi nasara, amma nasara ba ta cika rumbu, kuma kwanakin hatsin suna ta ƙarewa. A can ƙetaren gulbi kuwa Nomau ya zauna a sansani yana cewa Madawaki ya ruɗe su, mutanen da suka yi irin wannan faɗa ba yunwa suke ji ba, kuma gobe ko jibi za su ƙetaro. Rana ta biyu da yaƙin, sai ga Galadima Shawai a ƙofar Zugurta shi kaɗai, ba makami, yana ɗauke da farar igiya a kan tafukansa biyu. Ya ce Sarkin Kandarma yana neman Mai Igiya, in Mai Igiya zai yarda.

Tunau ya karɓa. Ya warware tsofaffin ƙulle-ƙullen, ya shiga ɗaki da Arzika aka rufe ƙofa. Wannan karon bai roƙi komai ba. Sarki ya jawo igiyar ya yi ƙulli ɗaya, ya ce, "Rumbunan. Kai masa. Na ga yadda kake riƙe magana, na san za ka san yadda za ka ajiye ta."

A bakin gulbi aka kafa bukka, Nomau ya shigo yana ɗingishi, ya tsufa a cikin kwana biyar. A ƙa'ida mai ɗaki ne yake fara magana, don haka Tunau ya zauna ya jira, igiyar tana naɗe a hannunsa. Nomau ya ce ya san Tunau bai faɗi komai ba, don da ya faɗa da yanzu Kandarma toka ce. Sa'an nan ya ce 'yan baka goma sha biyu ne suka tsaya a bakin ruwa har ya samu ya ƙetare, kuma babu wanda ya dawo a cikinsu. Bako ne ya tsayar da su, shi ma bai dawo ba.

Tunau ya ji maganar ta shige shi har ƙashi. Ya so ya yi kuka, ya so ya kama wuyan rigar abokin yarintarsa ya tambaye shi me ya hana shi yin ƙulli ɗaya tun ranar da aka roƙe shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya shimfiɗa igiyar a tsakaninsu.

"Zaki, me zan ɗauka, me zan bari?"

Nomau ya kama ɗaya bakin igiyar ya ƙulla. "Dawakan. Faɗa masa ba su kai sittin ba. Ya yi yadda ya ga dama da ni, ya bar mini garin."

Sai a lokacin idonsa ya kai kan ƙullin da ke ɗaya bakin, ya tambayi ko na mene ne. Tunau ya faɗa masa maganar rumbuna tara, da yashi, da ƙaiƙayi. Sarkin Kandarma ya rufe fuskarsa da hannun riga, ya daɗe a haka.

Kafin la'asar aka yi shela a sansanin cewa Kandarma za ta aika wa Zugurta jakuna ɗari na gero, kuma maƙeran garuruwan biyu za su koma Jan Dutse tare. Mutane suna ta murna, Galadima ya kawo wa Tunau rawaninsa da takalman sarauta a kan faifai. Ya karɓi rawanin ya naɗa. Takalman kuwa ya ce a mayar. Ya ɗauki igiyar da ƙulli biyun da ya roƙa tun Bako yana da rai, ya gyara maɗaurin takalman fatar da ke ƙafarsa, waɗanda suka yi masa yawa, ya shiga jirgi ya ce a ƙetare da shi, akwai sauran saƙo ɗaya da bai kai wa Arzika ba.